Baƙin Ƙarfe, Tsohon Turai, Na Roba Ko Indastiriya: Wane Keken Ɗinki Ya Dace Da Kai?

Wanda ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi keken ɗinki, in ya tambayi mutum huɗu, shawara huɗu zai kwaso. Tsohon tela zai ce masa kada ya kuskura ya wuce baƙin keke na takawa. Yaron shagon da ya saba da gudu zai ce yanzu wa yake ta baƙin keke, a nemi indastiriya kawai. Uwargida mai ɗinki a cikin gida za ta yaba masa farin nan na lantarki mai yin gidan maɓalli da kansa. Sai kuma mai kayan gwanjo ya jawo wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin tebur, ya buɗe, ya nuna masa wani keke ɗan Italiya ko Suwizaland wanda in ka gan shi ba ka son ɗauke ido. Kowannensu yana da gaskiya, amma gaskiyar irin aikinsa ce da irin wutar unguwarsu.

Ma'aunin da za a ɗora su a kai

Na farko kuɗi. Farashi a kasuwa yana motsi kusan kullum, don haka abin da ya fi amfani shi ne sanin wane ya fi wane tsada, da kuma abin da keken zai riƙa ci bayan an saye shi: man janareta, kuɗin mai gyara, allura, bel. Akwai keken da yake da araha ranar ciniki kawai.

Na biyu ƙarko, wato shekara nawa zai yi yana aiki, kuma in wani abu ya karye a cikinsa, ana samun madadinsa a garinku ko sai an aika wata ƙasa. Na uku sauƙin aiki: ɗan koyo zai iya sarrafa shi, yana yin irin ɗinkin da kake bukata, ana iya ɗaukarsa daga ɗaki zuwa ɗaki. Na huɗu haɗari, kuma a wajenmu haɗarin keke uku ne: wuta, rashin kayan gyara, da jabu.

Na biyar shi ne kyau, kuma ban sa shi a jerin don cika lissafi ba. Abin da mutum zai zauna gabansa tun hantsi har bayan isha'i, musamman a goman ƙarshe na azumi lokacin da kayan Sallah suka taru, yana da hakkin ya yi masa daɗin kallo da daɗin taɓawa. Masana zanen kaya sun daɗe suna muhawara a kan inda kyan inji yake. A 1934 gidan adana fasahar zamani na birnin Niyu Yok, MoMA, ya yi wani baje koli wanda Philip Johnson ya shirya, inda aka ɗora sifirin da farfelar jirgi da tukwanen girki a kan dandamali kamar yadda ake ɗora aikin masassaƙa. Hoton da ke bangon littafin bajen boris ne na kamfanin SKF, zoben ƙarfe da 'yan ƙwallaye a ciki, ba fenti ba zane. Abin da suke nufi shi ne akwai kyan da aiki yake haifarwa da kansa, daban da kyan da ake shafawa daga waje. Keken ɗinki yana da duka biyun, kuma mai saye ya kamata ya iya rarrabe su, domin na shafawa shi ake yaudarar mutane da shi a kasuwa.

Baƙin keke

Kusan duk baƙin keken da ke shagunan teloli daga Kano zuwa Maraɗi, kowane suna aka rubuta a jikinsa, jikan keke ɗaya ne: Singer samfuri na 15, wanda asalinsa yake komawa 1879. Isaac Singer ya yi rajistar kekensa na farko a Amurka a 1851, kuma abokin kasuwancinsa Edward Clark ne ya fito da sayarwa biya-kaɗan-kaɗan a 1856 don keke ya shiga gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Shigarsa gida ita ta kawo ado. Mutanen wancan zamani ba sa son ganin injin masana'anta a ɗakin baƙi, sai aka riƙa yi masa baƙin fenti mai sheƙi wanda ake gasawa a tanda, a manna zanen ruwan zinare, a sassaƙa masa ƙafafun ƙarfe masu furanni, a ɗora shi a tebur mai aljihu. Zanen ma suna-suna ne: akwai mai hoton gunkin Masar, akwai mai furen bado, akwai wanda ake kira mai jan ido.

Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanonin Japan suka kwaikwayi samfurin 15 da yawan gaske, daga baya Sin da Indiya suka ɗauka. Butterfly na birnin Shanghai, wanda ya cika kasuwanninmu, daga wannan zuriya yake. A ƙasar Sin ta shekarun 1970, keken ɗinki yana cikin abubuwa huɗu da ake so a gani a gidan sababbin aure, tare da keken hawa da agogon hannu da rediyo. Abin da wannan tarihi ya haifar wa mai saye a yau babba ne: kwarkwaron zaren ƙasa iri ɗaya, allura iri ɗaya, takalmin danne yadi iri ɗaya a kusan ko'ina a duniya. Allurar nan mai gefe ɗaya a shafe, wadda ake rubuta HAx1 ko 15x1 a jikin takardarta, har yau ita ce allurar kekunan gida.

Ni a ganina kyan wannan keke ba a zinaren yake ba. Ka kwantar da kansa baya ka leƙa ƙarƙashi. Za ka ga sanduna biyu ko uku kwance, kowanne da aikinsa: ɗaya yana kaɗa ƙugiyar da ke cafko zaren sama, ɗaya yana tura haƙorin da ke jan yadi gaba da baya, ɗaya yana ɗaga shi sama da ƙasa. Ka juya wilin a hankali da hannu, ka ga yadda allura take sauka, ta ɗan ɗago, zare ya yi ɗan lanƙwasa a bayanta, bakin ƙugiya ya iso daidai wannan lokaci ya shige ciki. Babu abin da aka ɓoye. Kusan kowane ɗan rami da ke saman jikinsa wurin ɗiga mai ne, kuma yana kan gaɓar da take bukatar man. Siririn wuyan da ya lanƙwaso daga ginshiƙi zuwa kai an yi shi haka ne don yadi ya sami wurin wucewa, ƙarfen kuma ya yi kauri a inda nauyi yake, ya sirance a inda babu. Yaron da ya yi wata biyu a shago yana iya fahimtar dukkan injin da idonsa, shi ya sa kusan kowane tsohon tela rabin makaniki ne.

Ta fuskar kuɗi, shi ne mafi sauƙi a cikin huɗun, kuma bayan an saya ba ya cin komai sai mai da allura da bel. Ba ruwansa da wuta. In kana so, akwai ɗan wurin ɗaura moto a jikin ginshiƙinsa ƙarƙashin wili, sai ka sa masa ƙaramin moto ka riƙa amfani da shi in an kawo wuta, in an ɗauke ka mayar da bel ɗin ƙafa. Ta fuskar ƙarko, zubin ƙarfe ne da ƙarfe, kansa kaɗai ya haura kilo goma, kuma akwai waɗanda aka ƙera kafin a haifi kakanninmu suna ɗinki har yau. Kasawarsa a fili take: ɗinki miƙaƙƙe kawai yake yi. Ba zigizag, ba gidan maɓalli, kuma yadi mai talewa yana ba shi wahala. Wasu tsofaffin ma ba su da komawa baya, sai ka juya yadin kafin ka ɗaure ɗinki.

Haɗarinsa yana wajen zaɓe tsakanin tsoho da sabo. Sababbin kwafin da ake shigowa da su ba ɗaya suke ba: akwai masu kyau, akwai waɗanda aka yi zubinsu da gaggawa, ƙarfen da kaushi, gaɓoɓin da sako-sako, zanen kuma sitika ce da take ɓarewa. Tsoho mai lafiya ya fi irin waɗannan nesa ba kusa ba. Amma tsohon ma ana yi masa kwalliya, a fesa sabon fenti a manna suna mai tsada. Kada ka dubi sunan da ke wuya, ka dubi lambar da aka buga cikin ƙarfe a gaban ginshiƙi ta hannun dama. Da wannan lamba ake gane shekarar da aka ƙera tsohon Singer. Samfurin da ke da harafin K, kamar 15K, daga masana'antar Clydebank ta Sikotland ya fito, wadda ta fara aiki a shekarun 1880 aka rufe ta a 1980.

Kafin ka biya, ka cire bel ka murza wilin ka sake shi, ya kamata ya ci gaba da juyawa kaɗan ba tare da ƙara ko cijewa ba. Ka kama sandar allura ka girgiza ta gefe da gefe, in tana rawa keken ya ci. Ka taɓa bakin ƙugiya da farce ka ji ko ya dakushe ko ya gutsure. Ka zo da ƙyallenka daga gida, jins ninki huɗu da kuma siririn yadin shafi, ka ɗinka duka biyun, sannan ka juya ka duba ɗinkin ƙasa. Akwai kuma wani ɗan tarko: gidan kwarkwaro yana da ɗan yatsa a jikinsa, a yawancin kwafi yana nuna wajen ƙarfe ɗaya na agogo, amma a wasu tsofaffin Singer irin su 15-88 da 15-91 yana nuna ƙarfe sha ɗaya. Ba sa shiga wa juna, don haka ka tabbata an haɗa maka da nasa.

In ka samu mai zanen asali, da man keke da tsumma mai laushi ake goge shi. Sifirit da sabulu mai ƙarfi suna cinye abin da ya rufe zanen, zinaren ya koma fari. Man gyaɗa kuwa, wanda wasu suke ɗigawa in man keke ya ƙare, daskarewa yake yi ya zama danƙo a cikin gaɓoɓi.

Tsofaffin Turai da Amurka na tsakiyar ƙarni

A nan ne zuciya take rinjayar lissafi, don haka sai an yi hankali. Daga shekarun 1930 zuwa 1970 masu ƙera keke sun bar baƙin fenti da furanni, suka koma neman kyau a surar injin kanta, kuma abin da suka fitar a wannan tsakani ba a sake yin kamarsa ba.

Singer 201 har yanzu baƙi ne a farkon fitowarsa, amma cikinsa daban yake: ƙugiyarsa zagayawa take yi gaba ɗaya maimakon kai da komo, giyoyin ƙarfe ne suke juya ta, shi ya sa sautinsa ya fi na 15 laushi sosai, ɗinkinsa kuma ya miƙe sambal. A shekarun 1950 aka sake masa jiki da alminiyam. Ƙaramin nan Featherweight, samfuri na 221, an fara nuna shi a bajen kolin duniya na Shikago a 1933, nauyinsa kimanin kilo biyar, yana shiga 'yar baƙar jaka. Masu haɗa bargon faci a Amurka suna rububinsa har yau, abin da ya sa tsadarsa ta wuce girmansa.

A Janiba ta Suwizaland, a 1940, kamfanin Tavaro ya fitar da Elna na farko, wanda injiniya ɗan Sifen Ramon Casas Robert ya zana. Kore ne a zamanin da kusan kowane keke baƙi yake, yana da siririn hannu a sarari wanda ake zura hannun riga ko ƙafar wando a kai, da gwiwa ake ba shi wuta, jakar ƙarfen da ake ɗaukarsa ciki kuma tana buɗewa ta zama teburinsa. A 1968 suka yi Lotus, zanen Raymond Loewy, wanda murafensa suke buɗewa gefe-gefe su zama faifan aiki, kayan aikinsa kuma suna da mazauninsu a samansa.

Wanda na fi so a cikinsu Necchi ne na birnin Pavia a Italiya. Marcello Nizzoli, wanda ya zana tafiretar Olivetti Lettera 22, shi ya zana musu Mirella, ta ci lambar yabo ta zanen kaya ta Italiya, Compasso d'Oro, a 1957, tana kuma cikin kayan da MoMA ya adana. Jikinta alminiyam ne sumul, layi ɗaya ya taso daga gindi ya lanƙwasa ya sauko kan allura ba tare da ka ga inda aka haɗa ba, maɓallan kaɗan ne kuma kowanne yana inda yatsa zai same shi. Samfurinsu na BU da Supernova suna yin zigizag da ƙarfe zalla a ciki. A wannan sahu akwai Pfaff 130 na Jamus da Bernina Record na Suwizaland, waɗanda telolin da suka taɓa aiki da su ba sa mantawa.

Farashinsu ba shi da tsari. Wani lokaci mai gwanjo bai san abin da ke hannunsa ba, ya sayar da shi ƙasa da sabon na roba. Wani lokaci ya sani, ya tsuga. Ƙarko akwai, aiki akwai, da yawansu suna haɗa abin da baƙin keke ya rasa da abin da na roba ya rasa. Amma haɗarinsu ya fi na kowa. Wanda aka yi don kasuwar Amurka wutar bolt 110 zuwa 120 yake sha, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce, in ka jona shi kai tsaye moton ya ƙone nan take, sai da taransfoma mai rage wuta. Ka karanta ɗan farantin da ke jikin moto kafin komai. Wayoyinsu sun tsufa, robar jikinsu tana farfashewa, kuma jikin keken ƙarfe ne, don haka a sake waya kafin a fara aiki. Kwarkwaron 201 ba irin na 15 ba ne, na Featherweight ma nasa daban. Kekunan da ke yin ɗinkin ado suna amfani da wasu 'yan faya-fayai da ake sakawa a ciki, in sun ɓace rabin gwanintar keken ta tafi. Elna Supermatic yana da wata 'yar tayar roba a kan moto wadda take shafewa gefe ɗaya in keken ya daɗe a ajiye, sai ya riƙa rugugi. Wasu na shekarun 1960 da 1970 kuma an fara sa musu giyar roba ɗaya ko biyu, waɗanda suke tsagewa da tsufa. Duk waɗannan ana gyara su, amma ba a kowane gari ba, kuma kayan sau da yawa sai an yi oda ta intanet. Kada ka saye shi daga hoto, cinikin biri a sama ne.

Farin keke na roba

Wannan shi ne na Brother, Janome, sabon Singer da ire-irensu. Ba shi da nauyi, yana da fitila, da murɗa maɓalli ɗaya kake samun zigizag, ɗinkin yadi mai talewa, gidan maɓalli, ɗinkin kalmasa da ba a gani. Ɗan koyo yana fara ɗinki da shi a ranar farko, ba sai ya yi mako yana koyon daidaita ƙafa ba. Sabo ne a kwali, da littafinsa, wani lokaci da garanti. Farashinsa matsakaici ne, ya ɗara na baƙin keke, masu kwamfuta kuma suna haurawa sosai.

Ƙarkonsa ya danganta da abin da ke ƙarƙashin robar. Masu kyau suna da ƙashin alminiyam a ciki, masu araha kuwa ko ƙashin ma ba shi da kirki, araha ba ta ado. Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, ka ba shi wuta sosai ka ga ko yana tafiya a kan tebur. An yi shi ne don ɗinkin gida na sa'a ɗaya ko biyu, in aka ɗora masa aikin shago giyoyinsa ba sa daɗewa. Ba ya aiki sai da wuta, kuma wutar da take hawa da sauka ita ce ajalin masu allon kwamfuta, wanda in ya ƙone kuɗin sauya shi yana kusan kai kuɗin keken. Ƙurar hunturu ma tana shiga ta zauna inda hannu ba ya kaiwa. In za ka saya, mai maɓallin murɗawa ya fi mai allo kwanciyar hankali a wajenmu, kuma a haɗa shi da sitabilaiza.

Ta wajen kyau, ba na jin komai game da yawancinsu. Kwanso ne aka rufa wa inji, surar waje ba ta gaya maka komai game da abin da ke ciki, an kuma yi shi yadda mai shi ba zai buɗe ba. Da shekaru farin yana komawa rawaya.

Indastiriya

Keken masana'anta, irin Juki DDL-8700 na Japan da ɗimbin masu kama da shi daga Sin irin su Jack, ba a yi shi don ya burge kowa a ɗakin baƙi ba, amma yana da nasa kwarjini. Babu zane ko ɗigo a jikinsa. Yana zaune ne a kan kaskon mai, famfo yana jan man yana rarraba wa gaɓoɓi, a samansa kuma akwai 'yar tagar gilashi zagayayya inda kake ganin mai yana fantsama idan keken ya ɗau gudu. Da gwiwa ake ɗaga takalminsa don hannu biyu su zauna a kan yadi. A rubuce, wannan samfurin yana kai ɗinki 5,500 a minti, na gida kuwa yawanci ba sa wuce dubu ɗaya. Wanda ya taɓa jan doguwar kalmasar babbar riga ta shadda a kansa ya san bambancin ba a gudu kaɗai yake ba, ɗinkin yana fita daidai wa daida daga farko har ƙarshe.

Shi ne mafi tsada a cikin sababbi, kuma aiki ɗaya yake yi, ɗinki miƙaƙƙe. Mai son zigizag da aikin wuya sai ya nemi keken da ake kira 20U, mai son rufe bakin yadi sai keken wibin, kowanne da kuɗinsa. Allurarsa DBx1 ce, zagayayya, ta gida ba ta shiga. Kayan gyaransa da masu gyaransa suna nan a manyan garuruwa, domin kwafin suna aron kayan juna kamar yadda baƙaƙen kekuna suke yi.

Abin da ya fi muhimmanci a zaɓensa shi ne moto. Tsohon yayi mai kulochi, da ka kunna yake ta juyawa ko kana ɗinki ko ba ka yi, yana gunji yana shan wuta, ga fizga da ke firgita ɗan koyo. Na sabon yayi, wato servo, ko wanda aka haɗa moton a jikin kan keken, sai ka taka yake motsi, ana rage masa gudu, wutar da yake sha kuma kaɗan ce ta yadda ƙaramin janareta ko sola mai inbata za su iya riƙe shi. Sai dai yana da allon lantarki, wanda shi ma wuta marar daidaito tana iya ƙonawa. Haɗarin da ya rage shi ne tsofaffin kekunan masana'antu da suka gama aikinsu a wata ƙasa, aka fesa musu fenti aka manna sabon suna. Gwajin sandar allura da bakin ƙugiya yana aiki a nan ma, ka kuma duba launin man da ke kasko. Sannan a kiyaye yatsa, a wannan gudu allura ba ta jira.

| | Kuɗin saye | Ƙarko | Sauƙin aiki | Babban haɗari | Wuta |
|---|---|---|---|---|---|
| Baƙin keke | Ƙasa | Sosai, musamman tsoho | Sai an koyi taku. Miƙaƙƙen ɗinki kawai | Kwafi marar kyau, fentin yaudara | Ba ya bukata |
| Tsohon Turai | Ba tsayayye ba | Sosai, in an gyara | Da daɗi. Da yawa suna zigizag | Kayan gyara, bolt 110, tsohuwar waya | Yawanci yana bukata |
| Na roba | Matsakaici zuwa sama | Kaɗan zuwa matsakaici | Mafi sauƙi. Ɗinki iri-iri | Giyar roba, ƙonewar allo | Dole |
| Indastiriya | Sama | Sosai | Gudu, aiki ɗaya, ba ya ɗaukuwa | Tsoho da aka yi wa fenti, cin wuta | Dole |

Wa zai ɗauki wanne

Yaron da aka yaye daga wajen maigidansa zai buɗe shago a ƙauye, ko a unguwar da wuta take yin kwanaki ba ta zo ba, ya sayi baƙin keke, in da hali tsoho mai lafiya, ya je kasuwa tare da maigidan nasa ko mai gyaran da ya yarda da shi. In ciniki ya buɗe ya ƙara masa ƙaramin moto.

Shagon da ke karɓar ɗinkin makaranta, anko, ko kayan Sallah da yawa, kuma yana da janareta ko sola, indastiriya mai sabon moto ne zai mayar da kuɗinsa. Ko a nan ina ba da shawarar a bar baƙin keke ɗaya a kusurwa saboda daren da wuta da fetur za su yanke lokaci guda.

'Yar'uwa mai ɗinka kayan yara, gyaran zif, labule da 'yan kayan kanti a cikin gida, in wutarku da dama-dama kuma kina bukatar zigizag da gidan maɓalli, farin keke mai nauyi mai maɓallin murɗawa zai wadatar da ke. In kuwa atamfa da leshi za ki riƙa ɗinka wa maƙwabta don neman na kanki, baƙin keke zai fi jure miki, gidan maɓallin kya kai shago. Iyayen da za su sa wa amarya keke a kayan ɗaki su ma wannan lissafin za su yi, su dubi wutar gidan da za a kai ta.

Wanda kuma son injin kansa ne ya kawo shi, yana da wani keken da yake cin abinci da shi, yana kuma da haƙurin jiran kaya daga waje, ya nemi 201 ko Necchi ko Bernina. Ya fifita wanda aka yi don wutar Turai, ya nemi a buɗe masa sama da ƙasa ya ga giyoyin da idonsa, kuma kada ya bar wajen sai da akwatin kayan haɗinsa: takalma, faya-fayai, da kwarkwaro ko da biyar.